Tambaya da Amsa: Wai Kauyen Kanada Za A Kai Min Yaro?

Wannan makon wasiku uku ne suka fado kan waje daya, wato yankin filayen noma na tsakiyar Kanada, shi yasa na hada su na amsa gaba daya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni dan kasuwa ne a Kantin Kwari. Dana na biyu ya gama digiri shekara biyu kenan ba aiki, sai wani ejan ya ce ya samo masa aiki a wani gari wai shi Brandon a lardin Manitoba na Kanada. Mun duba a waya mun ga mutanen garin duka duka dubu 50 ne da 'yan kai, yayyensa sai dariya suke masa wai kauye za a kai shi, wai wanda bai je Toronto ba ai bai je Kanada ba. Ejan din ya ce kamfanin abinci ne, kuma mu fara biyan rabin kudi. Dan Allah me ake yi a irin wadannan garuruwan, da me mutanensu suke ci?
Wani uba, Kofar Mazugal

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kara girma. Kar ka biya ko sisi tukuna, zan zo kan dalilin, amma bari mu fara sanin wajen.

Larduna uku ne a jere a tsakiyar kasar, Manitoba ta gabas, Saskacewan a tsakiya, Albata ta yamma da ta jingina da duwatsu. In ka hada fadinsu ya ninka Najeriya sau biyu har da ragowa, amma a kidayar 2021 mutanensu gaba daya ba su kai miliyan 7 ba, alhali jihar Kano kadai an kirga sama da miliyan 9 tun 2006. To kaga a irin wannan waje gari mai mutum dubu 50 ba kauye bane, Brandon shine gari na biyu a girma a duk Manitoba bayan Winifeg babban birnin lardin, yana da jami'arsa da kwaleji da babban asibiti da kamfanin takin zamani, kuma lakabinsa ma birnin alkama. Ka gaya wa yayyen nasa su rage dariya.

Abin da nake so ka rike Alhaji, kuma kai dan Kano ne ba sai na wahala ba, shine wadannan garuruwan labarinsu irin na dalar gyada ne. Jirgin kasa ya iso Kano a 1911, kafin ka ce kwabo gyada ta zama kudi, su Alhassan Dantata suka tara buhuna suka yi dala, tashoshi irin su Gagarawa da Malam Madori suka rayu saboda layin dogo ya bi ta kansu. Can ma hakan aka yi. An gama layin dogon da ya ratsa kasar a 1885, gwamnati kuma tun 1872 ta yi doka cewa duk wanda ya biya dala 10 za a yanka masa eka 160 ya noma, in ya zauna ya gyara ta zama tasa, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Ingila da Yukren da Jamus da sauransu. Kasar kuwa da masu ita, kabilun asali irin su Cree da kuma Métis, an karbe ta ne ta hanyar yarjejeniyoyin da har yau ana shari'a a kansu, wannan wani babi ne daban. Kamfanin jirgi shi ya rika dasa garuruwa, duk bayan 'yan kilomitoci kamar 12 zuwa 16 a kafa tasha, saboda iya nisan da manomi zai kai hatsi a keken doki ya dawo gida kafin dare kenan. A kowace tasha sai a gina wani dogon rumbu na katako da ake zuba hatsi a ciki kafin a dura a tarago. A shekarun 1930 irin wadannan rumbuna sun haura 5,000.

Na ga ragowarsu da idona lokacin da na kai wa kanina ziyara a Rijaina, babban birnin Saskacewan, muka kama hanyar birnin Saskatun, tafiya ce da ta dan fi Kano zuwa Kaduna. Kasa shimfide kamar faifai, ba tudu ba kwari, sai ka hango rumbun nan tun daga nesa tsaye shi kadai da sunan garin a jikinsa da manyan bakake, ka yi ta tafiya kamar ba za ka iso ba. Da muka ratse wani karamin gari shan mai, titi daya ne, banki a rufe, makaranta an mayar da ita wajen ajiye kaya, wata tsohuwa ce ke tsare da gidan man ita ce kuma mai shayi. Wallahi sai na tuna filin da kakana yake nuna min yana cewa nan dala take, ni kuma ba abin da nake gani sai kwalta da shaguna. Bambancin kawai mu gyadar ce ta gudu bayan farin 1973 da cutar da ta cinye ta a 1975 ga kuma kudin fetur, su kuwa noman yana nan ya ma karu, mutanen ne inji ya kora.

Garuruwan da suka tsira kusan kowanne akwai abu guda da ya rike shi. Esterhazy ma'adinin fotash ne da ake takin zamani da shi, Estevan kwal da wutar lantarki, Thompson can arewa karfen nikel, Fort McMurray man fetur, Portage la Prairie kamfanonin yanka dankalin turawa da sarrafa wake, Taber sukari, Winkler da Steinbach kananan masana'antu ne da zuriyar wasu kiristoci 'yan darikar Mennonite suka kafa. Don haka duk wanda aka ce masa ga aiki a gari kaza, tambayar farko ba wane lardi bane, tambayar ita ce wa ke ciyar da garin nan, in ya rufe kofa gobe ina za ni.

To a Brandon babban mai daukar ma'aikata daga kasashen waje shine kamfanin Maple Leaf Foods, kuma mayankar alade ce, tun 1999 take aiki. Neepawa da ke kusa ma haka, kamfanin HyLife, alade ne, 'yan Filifin sun cika garin saboda shi. Ban ce lallai nan ejan dinka yake nufi ba, akwai wasu kamfanonin abinci a yankin, amma kalmar kamfanin abinci tana da fadi, ka sa ya rubuto maka sunan kamfanin da irin aikin baki da baki, kar yaro ya sauka a filin jirgi sannan ya gano abin da zai rika dauka a kafada awa 8 kullum. In aikin nama ne ake so wanda ba wannan matsalar, mayankun shanu suna Albata, JBS a garin Brooks da Cargill a High River, kuma Brooks din cike take da 'yan Somaliya da Sudan da Habasha, akwai masallaci akwai shagunan halal. Aikin dai ba wasa bane, tsayuwa ce cikin sanyi da wuka a hannu, wanda bai taba wanke kwanon da ya ci tuwo ba zai ji a jikinsa.

Maganar kudi kuma, dokar Manitoba ta hana a karbi kudi daga hannun ma'aikaci don an samo masa aiki, kamfani ne ke biyan dillali, kuma sai kamfanin ya yi rajista da gwamnatin lardin kafin ya dauko mutum daga waje. Masu ba da shawara kan biza da aka yarda da su ma suna da lambar lasisi da kowa zai iya dubawa a intanet. Ka tambayi ejan dinka lambarsa. Na san wani makwabcinmu da ya saida fili a Rijiyar Zaki ya mika wa irin wadannan, yau shekara uku kenan wayar mutumin a kashe. In takardun sun tabbata na gaske ne, ni dai da a ce dana ne zan fi son Brandon ko Winifeg a kan Toronto, haya ta fi sauki nesa ba kusa ba, kuma Manitoba ce ta fara tsarin da lardi ke zabar bakin da yake so ya tsaya musu su samu takardar zama, tun 1998.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina harkar hatsi a Dawanau. An ce min wata alkamar da ake mana fulawa da taliya daga wannan yanki take zuwa. Yaya mutane 'yan kadan suke noma abin da zai ishe su har su saida mana? Kuma in mutum yana da dan jari zai iya zuwa ya sayi gona?
Dan kasuwa, Dawanau

AMSA: Barka kadai dan uwa. Gaskiya aka fada maka, Najeriya tana cikin masu sayen alkamar Kanada, kuma kusan duk alkamar da kasar ke fitarwa daga larduna ukun nan take. Saskacewan kadai ke da wajen kashi 40 cikin 100 na gonakin kasar, ita ce kuma uwa a alkamar durum, mai taurin nan da ake taliya da makaroni da ita, da kuma adas, wani dangin wake, wanda duk wanda ya je Umara ya sha miyarsa ya sani. Indiya da Turkiyya da kasashen Larabawa su ne manyan masu sayen adas din.

Sirrin ba wani asiri bane, girman gona ne da inji. Matsakaiciyar gona a Saskacewan ta haura eka 1,700, kuma sau da yawa mutum ne da matarsa da dansa da ma'aikaci daya ko biyu. Noman sau daya ne a shekara kamar damunarmu, a shuka a watan Mayu in kankara ta narke, a girbe daga karshen Agusta zuwa Oktoba ana tsere da sanyi, har cikin dare za ka ga fitilun injin girbi suna yawo a gona. Ruwan sama ma ba wani mai yawa suke samu ba, kudancin yankin bai kai Kano samun ruwa ba, sai dai rana ba ta kone shi da sauri kamar nan. Sun sha wuya kafin su koya, a shekarun 1930 fari ya hadu da karyewar farashi, iska ta rika kwashe kasar gona tana yin duhu da rana tsaka, dubban iyalai suka tattara suka bar gonakinsu. Yanzu yawancinsu ba sa yin huda sam, a kan karan bara ake shuka don kasa ta rike danshi. Duk lokacin da na ga ana share gona kal ana kone kara a wajejen Bichi sai abin ya fado min.

Amfanin da ya fi kawo musu kudi a shekarun nan ma ba alkama bane, kanola ce, wani dan kankanin iri baki da bai kai ridi girma ba ana matse mai daga cikinsa. Masu bincike a Jami'ar Manitoba da kuma Saskatun ne suka gyara irin a shekarun 1970, Baldur Stefansson da Keith Downey, suka cire masa abin da ke hana a ci man. A watan Yuli in ta yi fure gonaki sai su koma ruwan dorawa iya ganinka. Wato su da suka ga alkama kadai ba za ta rike su ba sai suka kirkiro wani amfanin, mu kuwa ga cibiyar bincike a Samaru tana fitar da iri masu kyau amma isar da su hannun manomi ya zama aiki.

Abin da zai baka sha'awa a matsayinka na dan Dawanau, su ma sun yi zamanin hukumar saye. Daga 1935 akwai hukumar alkama ta kasa, daga baya ta zama ita kadai manomin yamma zai saida wa alkamar da za a fitar waje, sai a 2012 gwamnati ta karya wannan, kamar yadda aka rushe hukumomin gyada da auduga a nan a 1986. Har yau in ka zauna da tsofaffin manoma ana musu, wasu na cewa an 'yanta su wasu na cewa an mika su ga manyan kamfanoni. Rumbunan katako kuma an rushe yawancinsu an gina na siminti manya manya jefi jefi, manomi ya dauki hatsi a tirela ya yi tafiya mai nisa, daga nan jirgin kasa mai tarago sama da 100 ya ja zuwa tashar ruwa ta Bankuba ko Thunder Bay. Ba teku a kusa da su in ka cire Churchill can arewacin Manitoba da kankara ke rufewa yawancin shekara, shi yasa ranar da ma'aikatan jirgin kasa suka shiga yajin aiki duk yankin sai ya rike ciki.

Karkashin gonakin ma akwai dukiya. Harafin K din da ke jikin buhun NPK da kake gani a kasuwa fotash ne, Kanada ce kan gaba a duniya wajen hako shi kuma daga Saskacewan yake fitowa, kamfanin Nutrien da aka kafa a 2018 hedikwatarsa na Saskatun. Kar ka hada shi da kanwa don 'yan boko suna kiranta da wannan sunan, ba abu daya bane. A arewacin lardin kuma akwai yuraniyom irin na Arlit a Nijar.

Sayen gona kuwa, cire rai. Wanda ba dan kasa ba kuma ba shi da takardar zama, a Saskacewan eka 10 kawai doka ta bari ya mallaka, a Manitoba 40, a Albata 20, sai dai in an ba shi izini na musamman. Ko an bar ka ma kudin injin girbi daya sabo zai sayi layin shaguna a Dawanau. In jari gare ka, ga Kadawa da Kura nan ana alkamar rani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni nas ce, maigidana injiniya ne, muna tunanin Albata saboda an ce can ne kudi yake. Amma ina tsoron sanyi, kuma yaya maganar sallah da azumi da tarbiyyar yara?
Maman biyu, Gwammaja

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Eh kudi yana Albata, tun ranar 13 ga Fabrairu 1947 da mai ya balle a rijiyar Leduc kusa da Edmonton lardin ya tashi daga na manoma da makiyaya ya koma na fetur. Kalgari ce garin ofisoshin kamfanonin mai, mutum miliyan 1.3 a kidayar 2021, Edmonton kuma fadar gwamnati da matatu, an kirga mata miliyan 1. Asalin arzikin yana arewa wajen Fort McMurray inda man yake cakude da yashi kamar kwalta, a kwaso shi da manyan motoci a wanke da ruwan zafi, ko a tura tururi karkashin kasa ya narke a zuko. Kuma Albata ce kadai lardin da ba ya dora nasa harajin saye, kashi 5 na tarayya kawai za ki biya a kanti, alhali Saskacewan na kara 6 Manitoba na kara 7.

Amma ke 'yar Najeriya ce, kin san halin kudin mai. Ganga ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, farkon 2016 ta fado kasa da 30, aka sallami dubban injiniyoyi, benayen tsakiyar Kalgari suka zama kango har kusan kashi daya cikin uku na ofisoshi ba kowa. A watan Mayun 2016 din kuma gobarar daji ta shiga Fort McMurray aka kwashe mutum sama da 80,000. Don haka a gidanku ni ina ganin aikinki ne turken, na maigida shi ne mai hawa da sauka, kar ya ji haushina. Kananan garuruwan yankin kullum neman ma'aikatan lafiya suke, likitoci 'yan Najeriya da yawa a irin wadannan garuruwa suka fara. Sai dai kowane lardi da hukumarsa ta lasisi, ki fara da ita tun kina nan, shi ma maigida sai hukumar injiniyoyi ta APEGA ta tantance shi kafin ya amsa sunan injiniya a Albata, kuma abin yana cin watanni da kudi.

Sanyi kam ba zan boye miki ba. A Janairu na je, ranar da na sauka awo ya nuna 31 kasa da sifili, na fito daga filin jirgi na ja numfashi daya sai na ji gashin hancina ya daskare, hawayen da iska ta sa na yi ya kame a gashin ido. Da muka isa gida sai naga kanina ya jawo wata waya daga gaban motarsa ya jona a soket din bango kamar mai cajin waya, wai hita ce ke dumama injin in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. Duk hunturun da kika sani na Kano, wanda ake hura wuta a kofar gida ana shafa man kadanya, can sunansa yanayi mai dadi. Gidaje da motoci da makarantu dai duk da dumi, a Kalgari ma akwai wata iska mai dumi da ake kira Chinook da ke saukowa daga duwatsu ta narkar da kankara cikin yini guda. Abin da ya fi sanyin wahala shine nisa, kamfanin bas na gwamnatin Saskacewan ya rufe a 2017, Greyhound ta janye daga yammacin kasar a 2018, don haka a karamin gari in ba ki iya tuki ba kin zama 'yar kulle ba da niyya ba. Ki koyi mota tun yanzu.

Addini kuwa musulmi sun dade a can fiye da yadda ake zato, masallacin farko da aka gina a duk Kanada yana Edmonton, Al-Rashid, 1938, 'yan Lebanon ne suka gina shi kuma matansu ne suka yi ta yawon neman gudummawa. Kalgari da Edmonton da Winifeg da Saskatun da Rijaina duk akwai masallatai da naman halal, manyan kuma har da makarantun Islamiyya na cikakken lokaci. Karamin gari ne za ki iya samun kanku ku uku a sallar Juma'a a dakin haya, wannan ki auna shi da kyau saboda yara. Azumi in ya fado a Yuni rana tana kai awa 17 a sama a Edmonton, ga alfijir da wuri, amma a shekarun nan yana fadowa ne a karshen hunturu yana kara matsawa cikinsa, kuma a Disamba yinin bai kai awa 8 ba, sai ki yi azahar da la'asar da magariba kusan a jere kafin ki tashi daga aiki. Daddawa da kuka da kubewa busasshiya ana samu a shagunan 'yan Afirka a manyan garuruwan amma da tsada, kilishi kuwa kar ki saka a jaka, za a kwace a filin jirgi har a ci ki tara.